Sikila da Shanyewar Jiki: Aikin Haɗin Gwiwar Likitocin Kano da na Vanderbilt

Yaro mai sikila zai kwanta rigingine a kan gadon asibiti, a shafa masa ɗan man nan mai sanyi a gefen kai, tsakanin ido da kunne, inda ƙashin ya fi siranta. Sai ma'aikaciyar ta ɗora kan na'urar a wurin, tana karkata shi a hankali har ta kamo jijiyar da take nema. Babu allura, babu yanka. Abin da za a ji kawai wani sauti ne, shuu shuu, yana tashi yana sauka daidai da bugun zuciya, ga kuma lamba tana fitowa a allo. Lambar nan ita ce gudun jini a cikin manyan jijiyoyin da ke shayar da ƙwaƙwalwa. In ba ta kai santimita 170 a daƙiƙa ba, sai a ce wa uwar yaro su dawo baɗi. In tana tsakanin 170 da 199, a sa ido. In kuwa ta kai 200 ko ta haura, to magana ta canza.

Wanda ya taɓa ban ruwa da tiyo zai gane dalili nan take. Ka danne bakin tiyon da ɗan yatsa, ruwan sai ya ƙara ƙarfin fita. Haka jijiyar da ta fara tsukewa take, ga shi kuma ƙarancin jinin da ke tare da mai sikila yana ƙara wa jinin gudu. Sunan wannan awo TCD. Yaron da awonsa ya kai 200 yana iya kasancewa lafiya lau a ido, yana wasa da ƙannensa, yana zuwa makarantar allo da ta boko, alhali cikin irinsa goma ana sa ran ɗaya zai samu shanyewar ɓarin jiki a kowace shekara muddin ba a yi komai ba.

A ƙasar Hausa mun saba danganta shanyewar jiki da dattijo mai hawan jini. Ranar da aka wayi gari yarinya 'yar shekara bakwai bakinta ya karkace, hannunta ya saki, magana ta ƙi fita, mutane da yawa iska za su fara zargi, a nufi wajen mai ruƙiya ko mai magani kafin a tuna da asibiti. Amma a wurin likitocin jini abin sananne ne. Wani babban bincike da aka yi a Amurka ya nuna kimanin kashi 11 cikin 100 na masu sikila mai tsanani suna samun wannan matsala kafin su cika shekara 20. Ka ɗora wannan a kan ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ana haihuwar jarirai kusan 150,000 masu sikila a Nijeriya duk shekara. Amurka gaba ɗayanta, yara da manya, masu cutar kusan 100,000 ne. Da can ma masu sikila a ƙasar nan ba sa daɗewa balle a ga abin da zai biyo baya. A binciken maleriya da aka yi a Garki a shekarun 1970, lokacin tana cikin jihar Kano, an tarar kusan biyu cikin kowane jarirai 100 SS ne, wato masu sikila, amma da ƙyar ake samun ɗaya a cikin manya. Yanzu da yawansu suna rayuwa, don haka matsalolin da ke zuwa da girma suka fito fili.

Maganin da aka sani, da dalilin da bai zauna a Kano ba

Tun 1998 aka samu amsa, ko dai a ce amsar masu hali. A shekarar ne Robert Adams, wani likita a Amurka, da abokan aikinsa suka wallafa sakamakon gwajin da ake kira STOP. Sun ɗauki yara 130 waɗanda awonsu ya kai 200, suka raba su gida biyu. Kashi ɗaya ana yi musu ƙarin jini a kai a kai, kusan duk wata, ɗaya kashin kuma kulawar da aka saba. A cikin waɗanda ake ƙara wa jini yaro ɗaya ne ya samu shanyewar jiki, a ɗaya ɓangaren 11. Haɗarin ya ragu da kashi 92 cikin 100. Dole aka tsayar da gwajin kafin wa'adinsa, domin ci gaba da hana rabin yaran jini ya zama zalunci. Gwaji na biyu da ya fito a 2005 ya ƙara da cewa in an daina ƙarin jinin, haɗarin dawowa yake yi.

To, a Kano fa? Duk wanda ya taɓa jinyar mara lafiya ya san yadda ake samun leda ɗaya ta jini. Za a ce ka kawo mai bayarwa, ka bi 'yan uwa da abokai, in ba a dace ba ka sayi na masu sayarwa, sannan ka biya kuɗin leda da na gwaje-gwaje. Wannan sau ɗaya ke nan, a lokacin larura. Yanzu a ce magidanci zai riƙa yin haka kowane wata, shekara da shekaru, saboda yaron da yake gani yana guje-guje a tsakar gida. Wataƙila ma yana da masu sikila biyu ko uku. Bayan wahalar samu, jinin kansa yana da nasa sharri in ya yi yawa: sinadarin ƙarfe yana taruwa a hanta da zuciya, sai an sha wani magani mai tsada a fitar da shi, jiki yana iya fara ƙin baƙon jini, ga fargabar cututtukan da ake ɗauka ta jini in tantancewa ta yi rauni. A asibitin koyarwa na Ibadan, Farfesa Ikeoluwa Lagunju ta riga ta gwada wannan hanya, ta ga 'yan ƙalilan ne daga cikin iyaye suke iya amincewa su kuma ɗore. Ita ce kuma ta fara nuna cewa wani maganin sha yana sauko da lambar awon a jikin yaran Nijeriya.

Maganin shi ne haidroksiyuriya. Asalinsa na cutar daji ne, daga baya aka gano yana sa jiki ya koma ƙera irin jinin da jariri ke da shi a ciki, wanda ba ya lanƙwashewa ya zama kamar lauje. Amurka ta amince da shi ga manya masu sikila a 1998. Sai dai yadda ake ba da shi a can, ana ta ƙara yawan maganin ne a hankali har a kai iyakar abin da jikin yaro zai iya ɗauka, kuma kowane ƙari sai an ɗebi jini an duba. A wurinmu wannan ma wani kuɗin ne, wata zirga-zirgar ce. Tambayar da ta rage babu mai amsarta ita ce: in an ba yaro awon magani guda tsayayye gwargwadon nauyinsa, ba tare da ƙarin jini ba, zai kare shi? Ba za a iya yin wannan tambaya a Amurka ba, domin a can jini yana nan, ba kuma wanda zai yarda a hana ɗansa. A inda jinin ya gagara ne kawai take da ma'ana.

Garin da maciji ya taɓa sara

Tambayar da likitocin Kano da na Jami'ar Vanderbilt ta Amurka suka haɗu don amsawa ke nan. Kafin a zo kan yadda aka yi aikin, sai an tuna a wane gari za a yi shi. A 1996 annobar sanƙarau ta kashe sama da mutum 10,000 a Nijeriya. Ana tsakiyar wannan tashin hankali kamfanin Pfizer ya zo asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, wanda aka fi sani da Asibitin Zana, ya gwada sabon maganinsa Trovan. Yara kusan 200 ne suka shiga, rabi aka ba su Trovan, rabi wani maganin da aka riga aka sani. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Iyaye suka ce ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi. Kamfanin ya tsaya a kan cewa sanƙarau ne ya yi ɓarnar, kuma ya bi ƙa'ida. Aka yi ta shari'a a Nijeriya da Amurka, har a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. 'Yan makonni masu gwajin suka yi suka tattara suka tafi, amma tabon ya zauna. Lokacin da aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003, har Kano ba ta koma ba sai a tsakiyar 2004, labarin Trovan yana cikin hujjojin da ake kafawa a majalisu da masallatai.

Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. A irin wannan gari ne za a je a ce wa uwa: ɗanki da kike gani lafiya yana cikin haɗari, ga na'ura ta nuna, muna so mu ba shi wani magani kullum, wanda in kika karanta takardar cikin kwalinsa za ki ga an ambaci cutar daji, kuma Turawan Amurka ne suka ba da kuɗin binciken. Ni a ganina duk wanda bai auna nauyin wannan magana ba, ba zai gane abin da aka cim ma ba.

Su wane ne suka haɗu

A ɓangaren Amurka akwai Farfesa Michael DeBaun na makarantar likitanci ta Jami'ar Vanderbilt da ke Nashville a jihar Tennessee, likitan jinin yara wanda ya daɗe yana bincike a kan illar sikila ga ƙwaƙwalwa. Tare da shi akwai Lori Jordan, likitar ƙwaƙwalwar yara, da Fenella Kirkham daga Landan. Akwai kuma Farfesa Muktar Aliyu, ɗan Nijeriya da ke koyarwa a Vanderbilt, kuma irinsa ne ke sa irin wannan tafiya ta yi sauƙi, mutumin da ya san yadda ake rubuta wa hukumar Amurka takardar neman tallafi, ya kuma san yadda ake shiga ofishin shugaban asibiti a Kano a gaisa kafin a kawo buƙata. A ɓangaren gida akwai likitocin Jami'ar Bayero da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano: Dakta Najibah Galadanci a fannin jini, Dakta Shehu Umar Abdullahi da Dakta Binta Wudil Jibir a fannin yara, da sauransu. Daga baya Dakta Halima Bello-Manga ta Asibitin Barau Dikko a Kaduna ta shigo. Mafi yawan kuɗin daga hukumar binciken lafiya ta Amurka, NIH, ya fito.

Abin da ya fara burge ni shi ne ba su yi gaggawa ba. Gwajin farko, mai suna SPIN, ƙarami ne, kuma tambayoyinsa na share fage ne. Iyaye za su yarda a auna 'ya'yansu? In an auna aka ga haɗari, za su yarda su shiga bincike? In sun shiga, yaran za su riƙa shan maganin kullum, su dawo asibiti duk wata? Wanda ke zaune a Nashville ba shi da hanyar sanin amsar, wanda ke Kano ma zato kawai zai yi. Sakamakon da ya fito a 2017, da cikonsa a 2020, ya nuna mafi yawan iyaye sun amince da awon, kusan duk waɗanda aka ga haɗari a jikin 'ya'yansu sun shiga, kuma an sha maganin. Wannan na ƙarshe ba da baki kawai aka tabbatar da shi ba. Haidroksiyuriya yana ƙara girman ƙwayoyin jini, don haka gwajin jini yana tona asirin wanda ke sha da wanda ke zubarwa. Awon da aka ba su miligiram 20 ne a kan kowane kilo na nauyin yaro a rana, lambar TCD kuma ta sauko cikin 'yan watanni.

Ba likitan Nashville ne ya shawo kan iyayen nan ba. Likitoci da ma'aikatan jinyar da suka saba gani a ranar asibitin sikila ne, waɗanda suka san sunan yaron, suka san lokacin da ya kwanta da ciwon ƙashi a hunturun bara, za su kuma iya cewa “Maman Abba, zauna in yi miki bayani” da harshen da take mafarki da shi. Kuma ta san gobe in wani abu ya faru, a nan za ta same su.

Babban gwajin

SPRING shi ne gwaji na gaske. Daga Agusta 2016 zuwa Yuni 2018 aka ɗauki yara 220 masu shekara 5 zuwa 12, duk awonsu ya kai 200, a asibitocin Kano da Kaduna, ciki har da na Malam Aminu Kano, da na Murtala, da Barau Dikko. Shigar Asibitin Murtala tana da muhimmanci, domin nan ne asibitin talakan birni, na gwamnatin jiha, inda cunkoso yake.

A nan sai da aka warware wani ƙulli na ɗa'a. A al'adar bincike, in kana son sanin ko magani yana aiki, sai ka ba rabi maganin, rabi ka ba su ƙwayar da ba komai a cikinta. Amma tun 1998 an san abin da ke jiran yaron da awonsa ya kai 200 in aka bar shi haka. Ba shi ƙwayar banza, kana kallo, ba abin da za a kira shi sai ganganci. Kwatanta maganin da ƙarin jini kuma zai zama gwada abin da an riga an san ba zai ɗore ba bayan masu bincike sun tashi. Sai suka zaɓi hanya ta uku: kowane yaro zai samu maganin, bambancin awo ne. Yara 109 aka ba su miligiram 10 a kan kowane kilo, 111 aka ba su 20. Wato yaro mai kilo 20 ko dai ya sha miligiram 200 a rana ko 400. Ƙuri'a ce ta raba su, kuma daga iyaye har likitan da ke duba yaron ba wanda ya san awon da yake sha, don kada son rai ya shiga hukunci.

Masu binciken sun shiga ne da zaton awo mai yawa zai fi kariya. Bayan an bi yaran na kimanin shekara biyu da rabi, sai ga yara uku sun samu shanyewar jiki a rukunin ƙaramin awo, biyar a rukunin babba. Kwamitin da ke sa ido, wanda ba ya ƙarƙashin masu binciken, ya duba ya ce ko an ci gaba ba za a ga bambancin da ake nema ba, aka tsayar da gwajin. Mujallar Lancet Haematology ta wallafa sakamakon a farkon 2022.

A takarda, zaton da aka shiga da shi ya faɗi. Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. A rukunonin biyu, yawan masu samun matsalar bai kai biyu cikin 100 a shekara ba, alhali a gwajin STOP waɗanda ba a yi wa komai ba sun haura goma cikin 100. Ba kuma yaron da aka tsayar wa maganin saboda ya karya masa ƙwayoyin jini, abin da likitoci suka fi tsoro ke nan. Bambanci ɗaya da ya fito fili shi ne masu shan ƙaramin awo sun fi yawan kwanciya a asibiti. Fassarar wannan a aikace mai sauƙi ce: ko awo kaɗan yana kare ƙwaƙwalwa, amma in da hali, awo na 20 ya fi rage wa yaro ciwo, ya rage wa iyaye kwanan asibiti. Ƙungiyar likitocin jini ta Amurka, a jagorarta ta 2020, ta riga ta ba da shawarar a yi amfani da maganin, aƙalla miligiram 20, a ƙasashen da ƙarin jini na kai a kai ba ya samuwa.

Akwai abin da mai karatu mai lura zai kama, kuma yana da gaskiya. Yara takwas ne duka-duka suka samu matsalar, kuma da adadi kaɗan haka ba za a ce an tabbatar awo biyun daidai suke ba, iyaka dai ba a ga bambanci ba. Sannan kwatanta yaran Kano na 2018 da yaran Amurka na shekarun 1990 ba daidai yake da raba yara gida biyu a asibiti ɗaya ba. Wannan shi ne farashin ƙin ba kowa ƙwayar banza, kuma ni dai ina ganin farashi ne da ya cancanci a biya. Tazarar goma da biyu ta yi faɗin da zai yi wuya a ce sa'a ce kawai.

An kuma yi wani gwajin, SPRINT, a kan yara 101 da suka riga suka samu shanyewar jiki sau ɗaya, don hana ta dawowa. Shi ma ya fito a 2023 da irin wannan sakamako, ba wani bambanci tsakanin awo biyun.

Abin da ya zauna a ƙasa

Tun ana tsakiyar binciken wata tambaya ta taso, irin wadda masu Trovan ba su tsaya sun yi ba: yaran da ba su shiga gwaji ba fa? In ka auna yara dubbai don ka zaɓi 220, me za ka ce wa ɗan shekara 13 da awonsa ya haura, ko wanda ya zo bayan an rufe ɗauka? Daga nan aka kafa rukunonin rigakafin shanyewar jiki a asibitocin da kansu, na ma'aikatan asibitin, suna auna duk yaro mai sikila a matsayin aikin yau da kullum. Aka zauna da hukumomin lafiya na jiha, Kano a kan gaba, sannan Kaduna da Katsina, suka ɗauki alkawarin samar da maganin kyauta ga yaran da awo ya nuna suna cikin haɗari. Abin da ya sa alkawarin ya yiwu shi ne ana haɗa maganin a cikin gida. Kamfanin Bond Chemical yana yin sa da sunan Oxyurea, ba sai an jira na waje da ake saye da dala ba.

Awon TCD kansa sai da aka koyar. Ba abu ne da za a nuna maka yau ka iya gobe ba, domin in ka karkata na'urar kaɗan za ka kamo wata jijiyar ko ka samu lambar ƙarya, ka sallami yaron da ke cikin haɗari ko ka ɗora wa lafiyayye magani. Likitocin hoto aka fara horarwa. To amma su nawa ne a jiha guda, kuma ga layin masu juna biyu da masu karaya suna jiransu? A Kaduna, aikin Dakta Halima Bello-Manga ya karkata ne ga koya wa ma'aikatan jinya awon, a gwada su da na ƙwararru har a tabbatar hannunsu ya faɗa, don a iya kai shi ƙananan asibitoci. In dai ana so awon ya isa Rano ko Birnin Gwari, ta wannan hanya ce kawai.

Akwai kuma wani nau'in koyarwa da ba a gani a ɗakin duba marasa lafiya. Gwaji irin SPRING yana buƙatar mai harhaɗa magani da zai rufe sirrin awo, mai shigar da bayanai a kwamfuta ba kuskure, kwamitin ɗa'a mai haƙori, akawun da zai iya ba hukumar Amurka lissafin kowane sisi. Dangantakar Vanderbilt da Kano ta faɗaɗa zuwa shirye-shiryen horo a kan ɗa'ar bincike, da lissafin alƙaluman lafiya, da tafiyar da kuɗin tallafi, ta kuma haifi wasu binciken, kamar na farfaɗiyar yara inda aka koya wa ma'aikatan lafiya na matakin farko ganowa da bayar da magani. Wani abu kuma da na waje ba zai kula ba: jerin sunaye a kan takardar bincike. A duniyar jami'a, sunan farko na wanda ya ja aikin ne, da shi ake samun ƙarin girma, da shi ake neman tallafi na gaba. An daɗe ana kuka cewa a binciken Afirka sunan Bature ne a gaba, na ɗan gida a tsakiya ko a layin godiya. A SPIN sunan Galadanci ne a farko, a SPRING da SPRINT na Abdullahi.

Inda takalmin ke matsewa

Kada a ɗauka komai ya daidaita. Kuɗin na Amurka ne, kuma mai kuɗi shi ke yanke abin da ya cancanci a bincika. A tsarin NIH, jami'ar waje ba ta samun fiye da kashi 8 cikin 100 na kuɗin ɗawainiya, wato na wuta da gini da ma'aikatan ofis, alhali jami'o'in Amurka da yawa suna karɓar sama da kashi 50. Asibitin da ke ƙona dizal don firjin ajiye samfurin jini ya ci gaba da aiki shi ne ke karɓar kaso mafi ƙanƙanta. A 2025 kuma NIH ta sanar da dakatar da tsohon tsarin da jami'ar Amurka ke karɓar tallafi ta yanka wa abokiyar aikinta ta waje, abin da ya girgiza ayyuka irin wannan a ƙasashe da dama. Kayan aro ba ya rufe katara, kuma har yau babu wata hukuma a gida da ke zuba kuɗi a binciken lafiya daidai da girman matsalar.

Na biyu, likitan da aka horar har sunansa ya fito a manyan mujallu ya zama abin nema a Saudiyya da Ingila da Amurka. Ba zan ga laifin wanda ya tafi ba. Amma kowane shirin horo yana ɗauke da wannan haɗari, kana cika tulu yana yoyo.

Na uku, alkawarin gwamnati takarda ce, sai an riƙa bibiya. Kwamishina yana canzawa, kasafi yana makara, na'ura tana lalacewa a rasa mai gyara. Haidroksiyuriya kuma ba maganin kwana bakwai ba ne, na shekaru ne, in ya yanke kariyar ta yanke. Gwamnatin Kano ta sa hannu a 2024 a kan dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, har da na gano AA da AS da SS. Mataki ne mai kyau ga waɗanda ba a haifa ba. Waɗanda aka riga aka haifa kuwa, abin da suke buƙata awo ne duk shekara da ƙwaya duk safiya, kuma wannan ba ya ɗaukar hankalin 'yan siyasa kamar bikin sa hannu a doka.

Akwai wani abu da masu binciken suka ci karo da shi ba tare da sun fita nemansa ba. Da suka koma kan bayanan yaran da suka bi shekara da shekaru, sai suka ga waɗanda nauyinsu ya gaza na sa'o'insu sun fi saurin mutuwa. Tamowa ke nan, a jikin yara 'yan shekara 5 zuwa 12. Shirye-shiryen yaƙi da tamowa kuwa kusan duk a kan 'yan ƙasa da shekara biyar aka gina su, don haka ɗan shekara takwas mai sikila, ko ya rame kamar tsinke, ba ya cikin lissafin kowa. Sai suka sake shirya wani ƙaramin gwaji a Kano, suka ɗauki yara fiye da 100 masu tsananin rama, suka riƙa ba su abincin gyaɗar nan na leda da ake ba masu tamowa har tsawon mako 12, wasu da haidroksiyuriya wasu babu. Iyaye sun kawo yaran, yaran sun ci, wasu sun murmure har sun fita daga layin haɗari. Fiye da rabi ba su fita ba.